Abin da kifi ya ci, shi za mu ci

Ƴan'uwa manoma da masunta na Magarya da Dungas, Allah ya hore mana tafkuna a kwarin Korama da fadamun Wacha da Guci. Daga cikinsu muke samun kifi. Amma mun taɓa tambayar kanmu me kifin nan yake ci?

Mu fara da tarwaɗa. Ita a ƙasan ruwa take kiwo, galibi da dare. Da gashin bakinta take laluben abinci cikin taɓo. Tana cin tsutsa, ƙwari, katantanwa, ƴaƴan kwaɗi da ƙananan kifi.

Karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, ta fi son gansakuka da ƙananan tsirrai na ruwa. Ƴaƴanta suna cin tsutsar sauro. Gaiwa kuwa tana cin katantanwa da kwaɗi. In tafki ya ƙafe, sai ta shige cikin laka, ta yi watanni ba ci ba sha, har damina ta dawo.

Ba a tafki kaɗai ake kiwon ƙasan ruwa ba. A bakin teku, wajen Senegal da Muritaniya, akwai wani kifi mai faɗin kai da dogon jiki, siffarsa kamar garaya. Yakan kwanta cikin rairayi, yana farautar ƙaguwa da ƙananan kifi, yana murƙushe su da haƙoransa masu faɗi. Yawan kamu ya sa ya yi ƙaranci. A shekarar 2019 ƙasashen duniya suka taru a birnin Janeba, suka sa ƙa'ida a kan cinikinsa. In teku da girmansa yana iya rasa kifi, ina ga tafkinmu?

Ga abin lura. Duk abin da muka zuba a ruwa, ƙasa yake sauka, inda tarwaɗa ke kiwo. In mun wanke famfon feshi a tafki, maganin ƙwari zai kashe abincin kifi. Kifin da ya tsira yana iya ɗauke da guba a jikinsa. Daga nan sai tukunya, sai cikin yaranmu. Alhali kifi mai tsabta abinci ne mai gina jiki, musamman ga yaron da aka yaye da mace mai ciki.

Saboda haka mu kiyaye abubuwa 4:

1. Kada mu wanke famfon feshi ko gwangwanin magani a tafki.

2. Kada mu yi bawali ko bayan gida a bakin ruwa. Ta haka tsargiya ke yaɗuwa.

3. Kada mu yi su da gidan sauro. Yana kwashe ƴaƴan kifi tun ba su girma ba.

4. Mai kiwon kifi ya ba su dussar gero ko ta masara kaɗan-kaɗan, safe da yamma. Abincin da ya yi saura ruɓewa yake, ya ɓata ruwa.

In mun ga kifi yana mutuwa da yawa ba dalili, kada mu ci, kada mu sayar. Mu sanar da mai gari da ma'aikatan ruwa da daji.

Tafki gonar gari ce. Abin da muka shuka a ciki, shi za mu girba. Mu karanta wa waɗanda ba su zo aji ba.