Masu raunin fahimta: Daga waɗanda ake bincike a kansu zuwa masu gudanar da shi

Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa farkon 1970, likitoci a makarantar Willowbrook da ke New York a Amurka sun riƙa sanya wa yara masu raunin fahimta ƙwayar cutar hanta da gangan, domin nazarin yadda take kama jiki. Iyaye ne suka sa hannu. Su kuwa yaran, ba wanda ya ji ta bakinsu.

Irin wannan tarihi ne wasu jami'o'i ke ƙoƙarin juya wa baya ta hanyar binciken haɗin gwiwa, wanda Jan Walmsley da Kelley Johnson suka fayyace ƙa'idojinsa a littafinsu na 2003. A wannan tsari, mai raunin fahimta (ba taɓin hankali ake nufi ba, kodayake mutane na yawan cakuɗa su) shi ma mai bincike ne: da shi ake zaɓar matsalar da za a duba, yana yi wa 'yan'uwansa tambayoyi, sannan a fitar da rahoto cikin harshe mai sauƙi da hotuna, yadda zai iya karanta abin da aka rubuta a kansa.

A ƙasar Ireland abin ya yi nisa. Kwalejin Trinity da ke Dublin na ɗaukar irin waɗannan ɗalibai a kwas na shekara biyu, kuma a 2008 aka kafa ƙungiyar Inclusive Research Network, wadda mambobinta suka binciki wuraren da masu raunin fahimta ke zaune da kuma mu'amalarsu da mutane. Batutuwa ne da suka taɓa kuɗin gwamnati kai tsaye: wa ke yanke inda mutum zai zauna, kuma da wa?

Sai dai akwai inda gizo ke saƙar. Kwamitocin ɗa'ar bincike kan ɗauki waɗannan mutane a matsayin masu buƙatar kariya, don haka sau da yawa sai an bi ta hannun iyaye ko masu kula da su kafin a kai gare su. Aikin yana cin lokaci, masu ba da tallafi kuma suna da wa'adi. Matakin tantance bayanai, inda ake yanke ma'anar abin da aka tattaro, galibi yana komawa teburin malamin jami'a, kuma shi ne ake ƙara wa girma idan aka wallafa sakamakon.