Maigadin Makaranta Ma Yana da Hakki

'Yan'uwa manoma, a ƙasar Dawakin Tofa gonaki sun yi wa jama'a kaɗan, shi ya sa waɗansunmu suke haɗa noma da gadi ko shara a makarantar firamare. Amma akwai matsalar da take ci wa ma'aikatan ofishin ilimi na ƙaramar hukuma tuwo a ƙwarya, wato mutumin da aka ɗauka aiki da baki kawai. Ranar da rigimar albashi ta tashi, babu takardar da za su duba, balle su bi masa hakkinsa.

Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce kafin wata 3 su cika da fara aiki, dole a ba ma'aikaci irin wannan takarda mai nuna aikinsa, da albashinsa, da lokutan aiki, da hutunsa. Sallama ma da ƙa'ida. Wanda ya wuce wata 3 a bakin aiki, sai an sanar da shi da mako guda. Daga shekara 2, mako biyu. Daga shekara 5, wata guda.

Saboda haka wanda ba shi da takarda, ya je ya nema cikin ladabi. In ya samu, ya kawo ta taron ƙungiya, magatakarda ya karanta masa. Rigakafi ya fi magani.