Karatun gida a karkarar Kano

Karatun gida shi ne ilimin da yaro ke samu a cikin gidansu ko a zauren unguwa, daga bakin uwa ko kaka ko yaya ko malami, kafin a sa shi makarantar boko ko kuma tare da ita. A ƙauyukan arewacin Jihar Kano, irin na ƙananan hukumomin Dambatta da Makoɗa da Minjibir da Bichi da Dawakin Tofa, wannan karatu ya kasu gida biyu: allo da safe, tatsuniya da dare. Ba shi da rubutacciyar manhaja, kuma ba kowa ke kiran ɓangaren daren da sunan karatu ba, amma yana da lokacinsa da ƙa'idojinsa.

Yanayin yankin

Yankin yana cikin ƙasar noma da ta kewaye birnin Kano, wadda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya fara nazarinta a shekarun 1960 saboda yawan jama'arta. Gona tana manne da gona, ana noma ta kowace damina ba hutu, ana raya ta da takin dabbobi da sharar gida. Matan aure da yawa suna zaman kulle. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa da Dorayi, ta danganta yaɗuwar kulle a karkarar Hausa da samun rijiya a cikin gida da kuma jakunan da ke ɗaukar kaya. Saboda haka uwa tana gida yini guda, yaro kuma shi ne ƙafarta: shi ake aika, shi ke kai talla. Karatu yana shiga ne a tsakanin waɗannan hidimomi.

Safiya

Bayan sallar asuba, yaro ɗan shekara huɗu ko biyar yakan ɗauki allonsa ya tafi zaure. A wasu gidajen uwa ko wata malama a maƙwabta ce ke biya wa ƙanana, musamman 'yan mata. Koyarwar mata a cikin gidaje tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u (1793–1864) ta tsara ta a ƙungiyar 'yan taru, inda jajoji ke kai wa matan ƙauye karatu ta hanyar waƙoƙi.

Ana fara wa yaro da haddar Fatiha da gajerun surori da ka. Daga nan sai babbaƙu, wato sanin baƙaƙe, sannan farfaru, wato wasula. Baƙaƙen suna da sunayen Hausa da ke siffanta kamanninsu, kamar ambaki da ha ƙuri da mim jaye, don yaro ya riƙe siffar harafi ta wurin sunansa. Idan ya iya, sai ya wanke allo a rubuta masa na gaba. Alhamis da Juma'a ranakun hutu ne, iyaye kuma kan bayar da kuɗin Laraba.

Da hantsi karatu ke tsayawa. Da damina ana kai abinci gona ko a kora awaki kiwo. Yarinyar da ta ɗauki tiren ƙuli-ƙuli ko tafasasshiyar gyaɗa takan iya lissafin canji tun kafin ta san rubuta lamba.

Hirar dare

Bayan an ci tuwo, yara kan taru a tsakar gida wurin kaka ko wata dattijuwa. Mai bayarwa ta buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa "Ta zo mu ji ta", a rufe da "Ƙurungus kan kusu". Al'ada ta hana tatsuniya da rana, har ana tsoratar da yaro cewa wanda ya yi zai ɓata, dokar da ta yi daidai da bukatar gidan da ke da aiki da rana.

Taurarin sanannu ne: Gizo mai wayo da matarsa Ƙoƙi, Kura mai kwaɗayi da tsoro, Dila malamin daji, Dodo da Botorami. Tatsuniyoyi da yawa suna magana ne a kan abin da yaro ke gani da idonsa a gidan kishiyoyi. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, 'yar bora ta yi ladabi ga abubuwan mamakin da ta tarar a hanya ta dawo da arziki, 'yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya ta dawo da wahala. Yaron da uwarsa ce bora a gidan ba ya bukatar a fassara masa.

Muhimmin abu shi ne yaro ba sauraro kaɗai yake yi ba. Yana amshin waƙar da ke cikin tatsuniya, yana gyara wa mai bayarwa idan ta tsallake wani wuri, kuma zagaye yakan zo kansa ya bayar da tasa. A nan yake koyon jera labari daga farko zuwa ƙarshe, da riƙe wanda ya yi magana da wanda aka yi wa.

Abin da harshe ke samu

Ta fuskar nazarin harshe, wasannin da ke rakiyar tatsuniya sun fi yadda ake ɗaukarsu daraja. Gizo yana da tsamin baki: yana mayar da "s" ta zama "sh", "r" ta zama "y", sai sarki ya koma "shayki". Yaron da ya yi dariya ya riga ya gane an musanya sauti ɗaya da wani. Gagara-gwari yana tilasta masa bambance "k" da "ƙ", ko "d" da "ɗ", cikin sauri. Zaurance kuwa, inda ake cusa wata gaɓa bayan kowace gaɓa ta kalma, ba ya yiwuwa sai ga wanda ya san inda gaɓa ta ƙare. Wannan ita ce ƙwarewar da malamin aji ɗaya ke nema idan ya rubuta ba, be, bi, bo, bu a allo. Kacici-kacici, da ake buɗewa da "Ƙulin ƙulifita", yana koyar da siffanta abu ba tare da kiran sunansa ba.

Sai dai wannan shiri bai kai ga karatu ba. Yaro zai iya fi kowa iya tatsuniya, ya kuma kasa karanta sunansa da boko, idan babu wanda ya haɗa masa sautin da harafi.

Littattafai

Frank Edgar ya buga tarin tatsuniyoyin Hausa a littattafai uku tsakanin 1911 da 1913. Abubakar Imam ya ari sunan Ruwan Bagaja ya sa wa littafinsa na 1934, sannan ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. A shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni domin 'yan firamare. A karkara littattafan nan sukan shiga gida ne ta hannun yayan da ke makaranta, ya karanta da ƙarfi, ƙanne da iyaye mata suna sauraro. Yanzu wayar hannu da finafinan Hausa suna cin wani kaso na lokacin hirar dare.

Kwatanci da wasu ƙasashe

A Ingila, Charlotte Mason (1842–1923) ta wallafa littafinta kan ilimin gida a 1886. Ta nemi a karanta wa yaro labari mai daɗi a gajeren zama, sannan ya maimaita shi da bakinsa, abin da ya yi kama da zagayen tatsuniya. Iyaye da yawa masu koyar da 'ya'yansu a gida a Amurka suna bin tsarinta. Bambancin shi ne can zaɓi ne na barin makaranta, wanda doka ta yarda da shi a duk jihohin ƙasar, yayin da Jamus ta hana shi.

Matsayin doka

A Najeriya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa yaro a firamare da ƙaramar sakandare. Wanda ya ƙi, a karon farko za a ja masa kunne, a karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, ko duka biyun. Gwamnatin Jihar Kano ta ƙaddamar da shirin ilimi kyauta kuma dole a 2019. Dokar ba ta lissafa karatun gida a madadin makaranta ba, don haka a gidajen da yara ke zuwa boko, allo yakan koma sassafe ko bayan la'asar, tatsuniya kuma ta jira a gama aikin gida da malami ya bayar.