Gaskiya ko Jita-jita: Tsohon Fim ɗin Sojoji da Ya Tayar da Gardama a Gyaɗi-Gyaɗi

Ranar wata Asabar bayan isha'i, a teburin mai shayinmu na Court Road, wani matashi mai aikin haɗa hoto a Zoo Road ya buɗe kwamfutarsa ya kunna wani tsohon fim mai hoto baƙi da fari. Sunan fim ɗin From Here to Eternity, na shekarar 1953. Maigidansa ne ya ba shi don ya koyi saita haske. Kafin shayina ya huce benci ya cika, kowa kuma ya zama malami. Na tashi da maganganu cike da kunne, na ce bari in tankaɗe su in ga abin da zai rage a rariya.

Wani ɗan adaidaita ne ya fara. Ya ga kaki da bindiga, ya gyara zama yana jiran ɓarin wuta, da ya gaji sai ya ce an cuce shi, ai an ce fim ɗin yaƙi ne. Yana da hujja. A cikin kusan awa biyu, sai can gab da ƙarshe jiragen Japan suka afka wa Pearl Harbor a Hawai, harin nan na 7 ga Disamba 1941 da ya jefa Amurka cikin yaƙin duniya na biyu. Sauran duk zaman bariki ne. Akwai farabiti Prewitt, mabushin begila, wanda ya rantse ya bar dambe tun da ya makantar da abokinsa, kyaftin ɗinsa kuwa ya sa aka yi ta gasa masa aya a hannu don ya shiga gasar dambe. Akwai saje Warden da ya faɗa son matar kyaftin. Akwai Maggio, wanda dukan gadurum ya zama ajalinsa. Shi kansa Prewitt harsashin 'yan uwansa sojojin Amurka ne ya kashe shi, cikin duhu, yana hanyar komawa bariki. Cikin taurarin fim ɗin babu wanda Bajapane ya kashe.

Daga nan sai wani mai son finafinan Amurka ya nuna Frank Sinatra, wanda ya fito a Maggio, ya ce 'yan mafiya ne suka razana mai kamfani har ya ba shi rol ɗin. Wannan jita-jita ce da ta tsufa har ta yi furfura. Abin da ya ƙara mata gishiri shi ne The Godfather na 1972, inda aka ajiye wa wani furodusa kan doki a gado don ya ɗauki wani mawaƙi. Ƙagaggen labari ne, kuma ba a taɓa kawo shaidar cewa haka ta faru da Sinatra ba. Abin da aka tabbatar shi ne tauraronsa ya dusashe a lokacin, ya yi ta naci, matarsa Ava Gardner ta sa baki, ya karɓi dala 8,000 kacal. Rol ɗin ya ba shi Oscar, ɗaya daga cikin takwas da fim ɗin ya lashe.

Da aka zo wurin da saje da matar kyaftin suke bakin teku, matashin ya tura hoton gaba don kunyar manya, yana gunaguni cewa su Turawa ba mai sa musu almakashi, mu ne kaɗai Hukumar Tace Finafinai ta sa a gaba. Haba ɗan'uwa! Tamu hukumar ta Kano a 2001 aka kafa ta. Su kuwa Amurkawa sun yi aiki da ƙa'idojin tace fim na Hays, masu tsaurin gaske, tun 1934 har zuwa 1968. Shi wannan fim ɗin ya sha aski sosai. A littafin James Jones na 1951 da aka ɗauko labarin, gidan karuwai ne sojojin suke zuwa, a fim aka mai da shi gidan rawa. A littafi ƙarin girma aka yi wa azzalumin kyaftin, a fim kuwa tilasta masa aka yi ya ajiye aiki, domin rundunar sojan Amurka ba za ta ba da aron barikin Schofield a ci mata fuska a ciki ba. An kuma hana nuna azabar gadurum ƙiri-ƙiri. Maganar matashin dai ba ta da tushe.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta ƙarshe. Wani ya yi hamma ya ce, “Yaƙin Turawa ne dai, ina ruwanmu?” Wani dattijo ɗan Tarauni, da tun ɗazu bai ce uffan ba, ya ajiye kofinsa.

“Yaro, ubana ya je Bama.”

Ya ce har gobe akwatin ƙarfen mahaifinsa yana ƙarƙashin gadonsa, da lambar yabo mai siffar tauraro a naɗe cikin tsumma. Mahaifiyarsa tana amarya aka tafi da angon, ta shekara uku tana jira, danginta suna ta ce mata ta nemi alƙali ya raba auren, ta ƙi.

“Baba, ya dawo lafiya?” in ji matashin.

“Ya dawo. Amma bai ƙara barci da fitila a kashe ba.”

Tarihi yana bayan dattijon. Yaƙin Hitila, kamar yadda kakanninmu suke kiransa, ya kwashi 'yan Afirka ta Yamma kusan 90,000 zuwa Indiya da Bama, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya, a runduna ta 81 da ta 82. Tun 1943 suka fara sauka Indiya. Sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan, inda babu hanyar mota, jirgi ne yake jefo abinci, wasunsu kuma aikinsu dakon harsasai a ka. Wata birget ɗinsu ta shiga cikin dakarun Chindit a 1944. A lokacin Hausa ce harshen bariki a rundunar Nijeriya, har hafsoshi Turawa sai da suka koye ta. Filin jirgin Kano ma ya zama zango a hanyar da aka riƙa bi da jiragen yaƙi daga Takoradi zuwa Masar tun 1940. A Zariya kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fita a 1939, ita take kai wa mutane labarin fagen fama.

Wanda yake shakka ya tsaya a shataletalen Gyaɗi-Gyaɗi ya hau motar Zariya. Zai tarar da barikin Chindit. Ya ƙarasa Kaduna, ga Kalapanzin da Dalet. A Ikko akwai Dodan da Myohaung da Arakan. Duk sunayen Bama ne, muna furta su kullum ba mu tambayi asalinsu ba. Marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda shi ma ubansa ya je can, ya rubuta littafin Burma Boy a 2007, tauraronsa wani yaro ne mai suna Ali Banana.

Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943, yau ya haura ɗari. Su sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu suna nan a Tarauni da Unguwa Uku da Hausawa, da akwatunan da wasiƙun. 'Yan Zoo Road, daga ofisoshinku zuwa gidan wannan dattijo ko kuɗin adaidaita ba sai kun kashe ba. Ku ɗauki kyamara ku je ku tambaye shi labarin mahaifiyarsa tun yana iya ba ku.