Yadda Ake Mayar da Ƙasar da Aka Haƙe Ta Zama Gona

A ƙasarmu Nijar ana haƙar gawayin ƙasa, wato kwal, a Anu Araren kusa da Cirozerin, cikin jihar Agadas. Kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 shi ke aikin. Ba a shiga ƙarƙashin ƙasa. Manyan motoci ne ke kwashe ƙasa da duwatsun da ke bisa har a tarar da gawayin, a ƙona shi a sami wutar lantarki. Akwai wani gawayin a Salkadamna, cikin jihar Tawa, gabas da mu. An aza tubalin farko na aikinsa a 2014, ko da yake ya yi ta jinkiri. Can ma manoma da makiyaya ne irinmu na Kurfai, don haka ya kamata mu san abin da ake yi wa ƙasa bayan an haƙe ta.

Ƙarfin gona yana cikin ƙasar sama, wadda kaurinta bai fi taki ɗaya ko biyu ba. Nan taki yake, nan irin ciyawa ke kwance. Ƙa'ida ita ce a kankare ta tun farko, a tara ta daban. Idan an gama haƙa sai a cike ramin, a daidaita shi, a shimfiɗa ta a bisa, a shuka ciyawa da itatuwa. In aka bari ta cuɗanya da tsakuwa, an yi hasarar abin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ya taru.

Akwai kuma batun lafiya. Wasu duwatsun da ke tare da gawayi, idan suka haɗu da ruwa da iska, sukan sa ruwa ya yi tsami, har ya iya gurɓata rijiya. Ƙurar wurin kuma tana cutar da ƙirji. Shi ya sa ake auna ƙasa da ruwan rijiyoyi kafin a fara aiki, a ci gaba da aunawa bayan an tashi. A Amurka, dokar 1977 ta tilasta wa kamfani ajiye kuɗin jingina. A yankin da ruwan sama bai wuce milimita 660 ba, sai shukar ta shekara 10 ana dubawa kafin a sallame shi. Mu lura, ruwan Filinge bai cika kai milimita 500 ba.

Mu Kurfayawa wannan ciwo ba baƙonmu ba ne. Fakon da ke kan tuddai a gefen Dallol Boso ƙasa ce da ruwa da iska suka kwashe samanta, ba tare da mota ba. A shekarun 1990 aikin PASP, wanda Jamus ta tallafa, ya taimaki ƙauyukan Filinge da Walam da jeren duwatsu, da rabin wata, da tassa. Ramin tassa ƙarami ne: a zuba masa taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu, gara ta huda ƙasar, ruwa ya shiga, hatsi ya tashi. Rabin wata kuwa, akan gina kimanin 300 a hekta guda. Amma duk mun ga inda aka gina su aka watse, yashi ya cike su, bisashe suka cinye dashen. A ganinmu rashin bibiya ya fi rashin ruwa kashe irin wannan aiki.

Manomi ma yana iya auna gonarsa. Bayan ruwa da kwana biyu ya soka sanda ya ga inda laima ta tsaya. Ya ƙirga damman da ya samu kowace kaka, ya rubuta a littafinsa na yaƙi da jahilci. Ya duba ko gamba da sabara suna dawowa. Wanda ke son awon tsami da gishiri, sai ya nemi malamin gona su ɗebi ƙasa daga wurare da dama na gonar, a aika ɗakin awon ƙasa na INRAN a Yamai.