Kafin a ce kwamfuta ta mutu a Bune

A Bune, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram, kwamfuta ba kayan ado ba ce. Wadda ke ofishin magajin gari ko ɗakin shan magani ita ke riƙe da takardun haihuwa da rahoton wata. Idan ta fara ɗaukewa ana tsakiyar aiki, fuskarta ta koma shuɗiya, ko a kunna ta ta yi ta ƙara ba hoto, sai a ce cuta ta kama ta, a yi mata fomat. Sau da yawa nan ne asarar take: bayanai sun tafi, ciwon yana nan.

Wanda ya kamata a fara tuhuma shi ne ram, ɗan sillen nan da kwamfuta ke ajiye abin da take aiki a kai a wannan lokacin. Gefensa na ƙasa jere yake da haƙora masu ruwan zinariya, 240 a nau'in DDR3 na kwamfutar tebur, 288 a nau'in DDR4, kuma kowanne sai ya taɓa ɗan'uwansa a cikin gurbin da ke jikin bod, wato babban allon na'urar. Ƙasar Gure kuwa ƙasar rairayi ce. Hunturu na shigo da ƙura har cikin akwatin na'ura, ga jijjigar mota a hanya. Haƙori ɗaya ya kuskure, aiki ya tsaya.

Ba talaucin kayan aiki ne kaɗai ke jawo haka ba. A 2009 masu bincike na Jami'ar Toronto da kamfanin Google sun bi diddigin kwamfutocin kamfanin, suka tarar sama da kashi 8 cikin 100 na sillayen ram suna yin kuskure a shekara.

Gwajin ba ya cin ko dala. A kashe na'ura, a zare waya da batir, mai gyaran ya taɓa ƙarfe don ya sauke wutar da ke jikinsa. Ya danna 'yan kunnuwan da ke gefen gurbi, sillen ya ɗago. A kama shi ta gefe, a goge haƙoran da magogin fensir mai laushi, a kaɗe gurbin da busasshen buroshi, a mayar har sai an ji ƙas. Idan sillayen biyu ne, a bar ɗaya a gurbin farko a gwada, sannan a matsar da shi gurbi na biyu. In matsalar ta bi sille duk inda ya je, shi ne ya lalace. In kuwa lafiyayyen sille ya ƙi aiki a gurbi guda, laifin na bod ne, kuma galibi ana iya barin wannan gurbin a ci gaba da sauran.

Manhajar Memtest86, wadda Chris Brady ya fara rubutawa a 1994, tana tashi daga filas, ta cika ram da lambobi ta sake karantawa. A bar ta ta zagaya sau da yawa; kuskure ko ɗaya ya isa shaida. Sai dai tana son wuta ta sa'o'i, don haka mai sola ya fara da hantsi.

Wanda zai aika sayen sabon sille a Damagaram ko titin Beirut na Kano, ya haɗa ɗan aiken da tsohon, domin tsagar da ke tsakanin haƙoran DDR3 ba wuri ɗaya take da ta DDR4 ba, kuma tura sillen da bai dace ba da ƙarfi na iya fasa gurbin.