Gasar Farashi da Faɗuwar Masaƙun Kakuri

Hausawa kan ce araha ba ta ado. Amma duk wanda ya bi tarihin masaƙun Kakuri, a kudancin kogin Kaduna, zai tarar cewa araha, ko ba ta yi ado ba, ta iya ƙwace kasuwa.

A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar KTL, bisa haɗin guiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila, ta fara da saƙa akoko. Daga baya Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo sahu, har Kakuri ta zama matattarar masu neman aiki daga kowane sashe na ƙasa. Gasar da ke tsakaninsu ta cikin gida ce, domin audugarsu ɗaya, wutarsu ɗaya, ga kuma gwamnati ta tsare musu ƙofa.

Shi farashi kuwa yana da gindi, wato abin da aka kashe kafin kaya su fito. Mai sana'a na iya rage ribarsa don ya jawo masu saye, amma in ya sauka ƙasa da wannan gindi, to uwar kuɗinsa yake ci. A nan ne aka ka da Kakuri. Tun daga 1986, sa'ad da aka shigo da shirin SAP, darajar Naira ta zube, sayen rini da kayan gyaran inji daga waje ya zama jidali. A shekarar ce kuma aka rushe hukumar cinikin auduga. Wutar NEPA ba ta tsayawa, sai janareto. Baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi wuyar samu, alhali ga matatar mai nan kusa, abin takaici.

Ana cikin haka aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. Atamfar Sin ta kwararo, wata ta hanyar fasa-ƙwauri daga Kwatano da iyakar Nijar, har Kantin Kwari a Kano. Sau da yawa zanen masaƙun gida ake kwaikwaya a buga a kanta. Uwar da ke haɗa wa 'yarta kayan aure, in ta ga turmi biyu a kuɗin ɗaya, wa zai ga laifinta? KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007.

Mai karatu zai ƙara fahimta in ya dubi masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta a Amurka, inda kamfanin Intel ya daɗe yana riƙe da kaso mafi tsoka, AMD na biye. Da nauyi ya yi wa AMD yawa, sai ya rabu da masana'antunsa a 2009, ya tsaya ga zayyana, wasu na ƙera masa. A 2017 ya fito da Ryzen, wadda mafi ƙarfinta ta tsaya dala 499, takwararta ta Intel kuwa ta haura dala 1,000, daga nan kasonsa ya soma hauhawa. Wato sai da ya sassabe gindin farashinsa kafin ya shiga kokawar. Masaƙun Kakuri ba su sami wannan dama ba, domin wuta da baƙin mai da tsaron iyaka duk ba a hannunsu suke ba. Da yawa daga ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, wasu har suka rasu ba su karɓa ba.